Ƙwaron da ke yi wa manomi aiki ba ko sisi

Yau gona za mu shiga, musamman ku 'yan uwa na Surko da sauran ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram masu noman wake da gyaɗa.

Kun san darɓa ai. Ƙananan ƙwarin nan baƙaƙe da ke cunkushewa a kan tohon wake suna tsotse ruwansa, ganye ya murɗe, ya yi danƙo. A gyaɗa kuwa abin ya fi muni, domin su ne ke yaɗa kuturtar gyaɗa, cutar da a 1975 ta lalata kimanin hekta 700,000 a arewacin Najeriya. Ku tambayi dattawan gidanku, shekarar ba ta mantuwa.

To darɓa tana da maƙiyi, kuma yana cikin gonarku yanzu haka. Ɗan ƙwaron nan ne mai kama da rabin ƙwayar wake, ja ko rawaya, da ɗigo-ɗigon baƙi a bayansa. Turawa na ce masa ledibad. Babba ɗaya kan cinye darɓa wajen 50 a rana.

Amma wanda nake so ku gane da kyau shi ne ɗansa. Uwar tana zuba ƙwai rawaya a ƙarƙashin ganye, dab da inda darɓa ta taru. Abin da ke fitowa bai yi kama da ita ba ko kaɗan: dogo ne, baƙi-baƙi, mai ƙafa shida, kamar ɗan mitsitsin kada. Muninsa ne ke ja masa. Mutum ya gan shi, sai ya ce ga tsutsa ta shigo gona, ya ɗauko famfon feshi. Alhali shi darɓa kawai yake ci tun safe har yamma.

Ga inda asarar take. Maganin feshi mai ƙarfi yana kashe su duka biyun, amma darɓa ce ke fara dawowa, don matanta suna haihuwar 'ya'ya kai tsaye ba tare da namiji ba, cikin kamar mako guda kuma 'ya'yan sun fara tasu haihuwar. Shi kuwa ƙwaron namu sai ya ɗauki makonni. Ka kashe kuɗi, ka kori mai gadi.

An ga haka a Kalifoniya ta Amurka. A 1888 aka kai wani nau'in ƙwaron daga Ostareliya, ya ceto gonakin lemu daga wani ƙwaro mai tsotso da ya kusa durƙusar da su. Da aka shiga fesa DDT a shekarun 1940, sai ya mutu, annobar ta dawo.

Ni a ganina, kafin ka sayi magani, ka kifa ganyen ka duba. In ka ga ƙwai rawaya da 'yan kadojin nan, kuma darɓar ba ta game gona ba, ba su kwana uku ko huɗu ka sake dubawa. In dole sai an yi feshi, ruwan 'ya'yan darbejiya ya fi sauƙi a kansu, kuma a fesa inda darɓar take kawai.

Sai dai a kula, suna da wani dangi mai cin ganyen kabewa da kankana. Shi bayansa dishi-dishi ne da ɗan gashi, ba ya sheƙi, kuma za ka tarar da ganyen ya zama kamar raga a inda ya zauna.