Kuɗin Kirifto: In Ta Allah Ta Kasance, Wa Zai Buɗe Asusun?

A kasuwannin Jibiya, Illela da Maigatari, wasunmu kan biya kuɗin kaya da USDT ta waya, don gudun wahalar canjin Naira da Sefa. Sai dai asusun da mutum ke riƙe da kansa, kalmomi 12 ko 24 ne mabuɗinsa. In ya rasu bai bar su ba, kuma babu mai iya buɗe wayarsa, ko alƙali ba zai fito wa magada da sisi ba.

Mu rubuta kalmomin a takarda, kada mu ɗauki hotonsu, domin duk wanda ya same su ya sami kuɗin. Mu adana ta tare da takardun gida, mu shaida wa amintacce ɗaya, mu ambaci asusun a wasiyya. Haƙƙin marayu ne.