Ciwon Ƙoda da Haihuwar Ɗa Namiji

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Hausa, idan aure ya daɗe babu haihuwa, mace ake fara tuhuma. Harshen kansa shaida ne: kowa ya san kalmar juya, amma da wuya a ji an laƙaba wa namiji makamanciyarta. Daga Ƙafin Maiyaki har zuwa Tudun Wada da Doguwa, abin da magidanci kan fara yi shi ne neman maganin sanyi ko ƙarin aure. Wannan maƙala za ta nuna cewa ciwon ƙoda yana cikin abubuwan da kan hana namiji haihuwa, kuma dashen ƙoda kan maido da ita.

2.0 Yadda Ciwon Yake Taɓa Haihuwa

Aikin ƙoda bai tsaya ga tace jini ya fitar da fitsari ba. Ita ce ke samar da sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Idan ta gaza, wanda galibi hawan jini ko ciwon sukari ke jawowa, sai jini ya yi ƙaranci, kasala ta rufe mutum. Haka kuma testostaron, wato sinadarin mazakuta da 'ya'yan maraina ke samarwa, yakan ragu, furolaktin kuwa, wanda ke kawo wa mai jego nono, ya taru a jikin namiji. Sakamakon haka sha'awa ta dushe, gaba ya yi rauni, ƙwayoyin maniyyi su ragu, waɗanda suka saura kuma su rasa kuzarin tafiya.

Wankin ƙoda yana tsawaita rai, amma ba kasafai yake gyara wannan ɓarna ba. Magungunan ƙarfin maza na bakin kasuwa kuwa, da ƙwayoyin kashe ciwo da ake sha ba ƙa'ida, suna iya ƙara wa ƙodar nauyi.

3.0 Bayan Dashe

An yi dashen ƙoda na farko da ya yi nasara a Boston ta Amurka a 1954, inda Dakta Joseph Murray ya dasa wa Richard Herrick ƙodar ɗan tagwaicinsa. Daga baya Herrick ya yi aure, har ya haifi 'ya'ya biyu. A Nijeriya an fara wannan aiki a Asibitin St. Nicholas da ke Legas a 2000, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kuma ya bi sahu a 2002.

Idan sabuwar ƙoda ta kama aiki, sinadaran jiki sukan daidaita cikin 'yan watanni. Sai dai ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kwana wajen 74 kafin ta nuna, don haka ba a gaggawar yanke hukunci. Magungunan da ke hana jiki ƙin baƙuwar ƙoda ma suna da bambanci: sirolimus yakan rage yawan maniyyi, tacrolimus kuwa bai cika yin haka ba. Mai son haihuwa sai ya shaida wa likita, kada ya daina shan magani da kansa, domin yin haka kan jawo asarar ƙodar ɗungurungum.

4.0 Kammalawa

Hausawa sun ce haihuwa mai rana ce. Duk da haka, kafin a ɗora wa mace laifi, adalci shi ne miji ya auna jininsa da fitsarinsa da maniyyinsa, domin gwaji ɗaya na iya tsirar da aure, ya kuma tsirar da rai.