Jan layin da ke bin mai rubuta kundi: me yake kamawa, me yake bari?

Duk ma'aikacin da ya taɓa zama bayan an tashi daga ofis yana haɗa kundin digiri na biyu, ko hadimin da ya buga wa maigidansa takardar kammala kwas a cibiyar NIPSS da ke Kuru, ya san jan layin nan mai lanƙwasa da ke fitowa ƙarƙashin kalma tun kafin yatsa ya bar madanni. Kamfanin Microsoft ya sanya shi a manhajar Word a shekarar 1995. Kafin nan sai mutum ya gama rubutu, sannan ya umarci manhaja ta bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

Ba ko'ina aka karɓi tsarin da wuri ba. Manhajar LyX, wadda masana lissafi da kimiyya ke tsara maƙalu da ita, ba ta samar da shi ba sai a 2011. Yau Overleaf da TeXstudio duk suna da shi.

Amfaninsa a fili yake. Kundi mai shafi 120 ba ya rasa tuntuɓen yatsa, kuma idon da ya rubuta abu yakan karanta abin da ya yi niyya, ba abin da ke kan allo ba. Ga wanda ke rubutu da Turanci alhali da Hausa yake tunani, gyaran nan take darasi ne da ake maimaita masa har kalmar ta zauna. Mai duba kundi kuwa, da zarar ya ci karo da kurakurai uku a shafin farko, sai ya shiga karanta sauran da idon zargi.

Sai dai manhajar ba ma'ana take karantawa ba. Jerin kalmomi ne a cikinta, tana gwada abin da aka buga da shi. Idan aka rubuta "form" a gurbin "from", za ta yi shiru, domin dukkansu kalmomi ne. Wani nazari da Dennis Galletta da abokan aikinsa na Jami'ar Pittsburgh ta Amurka suka wallafa a 2005 ya gano cewa hatta ɗaliban da suka ƙware a harshe sun fi barin kurakurai idan manhajar na kunne, saboda sun sakar mata ragama. Akwai kuma abin dariyar da ake kira matsalar Cupertino: tsofaffin manhajoji kan ba da shawarar sunan wannan gari na Kalifoniya a madadin "cooperation", aka yi ta amincewa ba a duba ba, har ya shiga takardun Tarayyar Turai.

A nan gida matsalar ta ninka. Kwamfutoci da yawa kan zo da ƙamusun Turancin Amurka, alhali jami'o'inmu da ma'aikatu salon Ingila suke bi, don haka sai a ja wa "programme" da "labour" layi ba su yi laifin komai ba. Gwagwalada da Nyanya da sunayen malaman da aka ambata duk ja. Idan shafi ya cika da ja, ido kan saba, kuskuren gaske ya ɓace cikin na ƙarya. Mai nazarin Hausa ya fi kowa shan wahala, ga kuma bambancin baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, wanda babu jerin kalmomin da zai raba masa su.

A ganina, laifinsa mafi girma shi ne katse tunani. Mutum na tsakiyar gina hujja, jan layi ya fito, ya koma gyaran harafi, kafin ya dawo zaren maganar ya kuɓuce. Shi ya sa ya fi kyau a kashe shi yayin zubo rubutun farko, a kunna lokacin bita. Kafin nan a sauya harshen takardar zuwa Turancin Ingila, a kuma shigar da sunaye da kalmomin fanni cikin ƙamusun, aikin da bai wuce minti 10 ba. A Word, madannin F7 na nan ga mai son bin kalmomin daki-daki bayan ya rufe babi.