A Aje Bibaro, A Ba Yaro Moɗa

Mata da yawa da ke zuwa Yamai ziyara ko cin rani suna komowa gida da wata kwalba mai bakin roba, wadda ake ce ma bibaro. Sun gan ta a kasuwar Wadata, sun ɗauka ita ce ci gaba. To, a yi hattara.

Bibaro wuyar wanki gare shi. Madara tana maƙalewa cikin robar, inda yatsa ba ya kai. Ba ya tsabtata sai an tafasa shi, ga itace da tsada. A watan Afrilu da na Mayu zafin Yamai yakan wuce awo 40, madara ba ta daɗewa sai ta lalace. Ga ƙuda kuma. Daga nan sai zawo, daga zawo sai tamowa. Yaron da ke kwana da bibaro mai sukari a baki, haƙoransa ruɓewa suke yi. A shekarar 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa ƙa'idar hana tallar bibaro da madarar jarirai ga jama'a.

Moɗa fa? Bakinta a buɗe yake. Ruwa da sabulu sun isa, ido yana ganin dauɗa.

Wata 6 na farko, nonon uwa kaɗai ya ishi jariri, ko ruwa ba a ba shi. Bayan haka a fara koya mashi sha da ƙaramar moɗa, ana ci gaba da ba shi nono har shekara 2.

In yaro ya riga ya saba da bibaro, kada a fizge mashi shi rana ɗaya. A fara janye na rana. Bayan ƴan kwanaki a janye na safe. Na dare shi ne na ƙarshe, don shi ya fi so. In ya yi kuka, a goya shi, a lallashe shi. A zaunar da shi bisa cinya, a kai moɗa bakinsa ya kurɓa da kansa. Kada a yi mashi ɗure, kunu yana iya sarƙe shi. In ba shi da lafiya, a bari sai ya warke.

Abin zubawa a moɗa yana cikin rumbunku: kunun hatsi mai kauri da garin wake ko ƙuli-ƙuli, da ɗan garin zogale. In ya cika shekara, a ƙara da nonon akuya da aka tafasa.

Maigida, kai ma da aikinka. Kuɗin bibaro ka sayi sabulu da su. In zawo ya kama yaro, ka kai shi likita ran nan, kada a jira gobe. Rigakafi ya fi magani.