HAƘORAN NOTI IN SUN CINYE: GYARAN GASKIYA DA NA GANIN IDO

Akwai wata 'yar ɓarna da kan sami injin mota, wadda yawancin masu mota ba su san da ita ba sai ran da ta tsai da su a dokar daji. Ita ce cinyewar haƙoran noti, watau zanen nan da ya nannaɗe jikin noti da cikin raminsa, wanda makanikai ke kira tiredi. Mun ga ya kamata mu yi wa jama'a bayaninta, tun ba malaman makaranta da akawuna ba, waɗanda aka danƙa wa amanar motar ofis. Su ne ke sa hannu a takardar biyan kuɗin gyara, bai kuwa kamata mutum ya sa hannu a kan abin da bai gane ba.

Da farko sai mu san cewa noti da raminsa ba ƙarfinsu ɗaya ba. Shi noti da ƙarfe mai tauri ake yinsa, amma kan injin mafi yawan motocin zamanin nan na alminiyam ne, mai taushi. In aka matsa fiye da kima, haƙoran ramin su ne za su tsinke, noti ya fito da su a jikinsa kamar zaren azurfa. Har wa yau haƙoran ba su raba nauyi daidai. Na farko shi kaɗai yakan ɗauki wajen sulusin nauyin, in ya karye na biyu ya gada, haka har su ƙare.

Abubuwa uku ne suka fi jawo wannan. Na ɗaya shi ne ƙarfin tsiya, kamar a zura wa sufana bututu a hau kai da ƙafa. Na biyu shi ne gaggawa, a sa noti a karkace, ya ƙi shiga, a tilasta shi. Na uku shi ne haɗa notin da ba na ramin ba, wannan kuwa yana da tarihi. A 1841 wani Bature Joseph Whitworth ya tsara wa Ingila ma'aunin haƙora, a 1864 William Sellers ya fito da na Amurka, sa'an nan a 1949 Ingila da Amurka da Kanada suka daidaita a kan ma'auni ɗaya na inci. Yau galibin motoci na milimita suke bi, amma tsofaffin notuna na nan cikin gwangwanin makanikai. Noti mai kaurin 5/16 na inci da mai milimita 8 ido ba ya bambanta su, alhali na farkon haƙora 18 gare shi a inci guda, na biyun wajen 20. Zai shiga zagaye biyu ko uku lafiya, daga nan ya cije, wanda bai sani ba ya ƙara ƙarfi. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

To, in ɓarna ta auku, nan ake gane makanikin kirki. Waɗansu sukan nannaɗa wa noti zare ko siririyar waya, ko su cusa gam, su ɗaure, mota ta tashi, a biya su. Wannan gyaran ganin ido ne. Zafi da girgiza za su sassauta shi. In notin juye baƙin mai ne, ran da ya faɗi a hanya mai zai tsiyaye, kafin direba ya farga injin ya buga. In fulogi ne, ƙarfin injin zai harbo shi waje. Abin da aka ƙi kashe kaɗan a kansa sai ya ci injin ɗungum.

Gyaran gaskiya mataki-mataki ne. In haƙoran lanƙwashewa kawai suka yi, akwai ƙarfen da ake bi da shi a miƙe su, shi ke nan. In sun tafi gaba ɗaya, in da wuri ana iya faɗaɗa ramin a yanka sababbin haƙora na babban noti. Amma hanyar da ta fi kyau ita ce a yi wa ramin dashe. Akwai wata waya ta ƙarfen da ba ya tsatsa, a nannaɗe kamar sifirin, wadda aka fi sani da Heli-Coil. A Amurka aka ƙago ta a ƙarshen shekarun 1930 domin injinan jirgin sama. Akan huje ramin ya ɗan ƙara faɗi, a yanka masa haƙora da ƙarfen da ya zo tare da wayar, a murɗa ta ciki har ta ɗan nutse, sa'an nan a karye ɗan harshen da ke gindinta a fitar. Daga nan notin asali zai koma mazauninsa, sau da yawa ma ya fi riƙo da da. Inda ake yawan kwancewa da ɗaurewa, kamar ramin fulogi, dashe na dunƙulallen ƙarfe irin Time-Sert ya fi daɗewa.

Sharuɗɗa biyu ne ba a wasa da su. Lalle hujin ya tafi a miƙe sak, don in ya karkace fulogi ba zai zauna ya toshe ba. Lalle kuma kada garin ƙarfe ya faɗa cikin injin. Don haka akan shafa wa ƙarfen yanka giris ya kama garin, a riƙa fitarwa ana gogewa, ko ma a sauke kan injin a yi aikin a kan tebur. Amma in ramin notin da ke riƙe kan injin ne ya cinye, wannan ba aikin gindin bishiya ba ne, sai a kai wa masu injin huji.

Duk da haka rigakafi ya fi magani. A soma ɗaura kowane noti da yatsu, in ya ƙi a kwance a duba. A share ramin, domin mai ko ruwan da ya kwanta a rami marar mafita yana iya tsaga ƙarfe in an matse shi. A bari injin ya huce kafin a kwance fulogi. A ƙarshe a ɗaure da sufana mai ma'auni, gwargwadon abin da littafin motar ya faɗa.

Saboda haka muna roƙon duk wanda aka kawo wa takardar gyara irin wannan ya yi tambaya uku kafin ya sa hannu: Me aka sa a ramin? Ina garin ƙarfen ya tafi? Da wane ma'auni aka ɗaure? Makanikin kirki ba zai ji haushi ba, zai ma ɗauko kayan ya nuna. Malamai kuma su koya wa almajiransu cewa aikin hannu da awo ake yinsa, ba da ƙwanji ba. Motar ofis dukiyar talakawa ce, da harajinsu aka saye ta. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.