Labarin Kasuwa da Muhimmancinsa ga Manoman Ƙasar Daura

1.0 Gabatarwa

Ƙasar Daura, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Daura da Mai'aduwa da Sandamu da Zango da Baure, tana arewa maso gabashin Jihar Katsina, kuma ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar. Ƙasa ce ta jigawa wadda daminarta ba ta da tsawo, saboda haka gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi su ne manyan abubuwan da ake nomawa. Manomin wannan yanki gwani ne a kan abin da ya shafi gonarsa. Ya san lokacin shuka da na noman farko da na maimai, ya kuma san irin da ya dace da kowace ƙasa. Abin da yakan shige masa duhu shi ne darajar amfanin nan bayan ya bar hannunsa: nawa ake sayar da shi a gaba, kuma wa yake nemansa. Wannan darasi zai bayyana ma'anar labarin kasuwa, da dalilin da ya sa manomi ya fi kowa ƙarancinsa, da hanyoyin da za a bi a kusanto masa da shi.

2.0 Ma'anar Labarin Kasuwa

Labarin kasuwa shi ne duk wani bayani tabbatacce da zai taimaka wa mai saye ko mai sayarwa ya yanke shawara kafin a ƙulla ciniki. Dangane da hatsi, ya ƙunshi abubuwa huɗu:

(i) farashin kaya iri ɗaya a kasuwanni daban-daban a mako guda;
(ii) ma'aunin da aka yi amfani da shi wajen faɗin farashin, wato mudu ne ko tiya ko buhu ko kilo;
(iii) yawan kayan da suke shigowa kasuwa da waɗanda suke jibge a ɗakunan ajiya;
(iv) buƙatar ƙasashen waje, da canjin kuɗi, da dokokin da suka shafi fitar da kaya ko shigo da su.

Labari ba ya amsa sunansa sai ya cika sharuɗɗa uku. Dole ya zama gaskiya, ya iso a kan lokaci, ya kuma zo cikin harshe da ma'aunin da manomi ya sani. Farashin da aka ji bayan an sayar da kaya tarihi ne kawai.

3.0 Hanyar Hatsi Daga Gona Zuwa Kasuwar Duniya

Hatsi yakan bi hannaye da dama kafin ya isa ga mai ci. Manomi yakan sayar wa 'yan kwarami, wato masu bin ƙauyuka suna sayen hatsi kaɗan-kaɗan su tara. A kasuwar mako kuma akwai ma'auna masu awo, da dillalai masu haɗa ciniki su karɓi la'ada, da 'yan sari masu cika motoci. Babbar mahaɗar wannan ciniki a ƙasar Daura ita ce kasuwar Mai'aduwa, wadda take ci ranar Lahadi, inda fatake daga Nijeriya da Nijar suke haɗuwa. Daga nan kaya sukan nufi arewa ta Kwangwalam zuwa ƙasar Damagaram, ko su gangara kudu ta Kazaure zuwa kasuwar Dawanau a Kano, wadda ake lissafa ta a matsayin babbar kasuwar hatsi ta Afirka ta Yamma. A Dawanau ne wakilan kamfanoni suke sayen riɗi da zoɓo domin kai wa ƙasashe irin su Japan da Turkiyya da Sin da Meziko.

Abin lura a nan shi ne, kaya suna tafiya daga ƙauye zuwa birni, labari kuwa yana tasowa daga birni zuwa ƙauye, kuma a bakin mai saye yake tahowa. Ɗan sari da ya baro Dawanau ya san farashin jiya, ya san an zo neman riɗi mota kaza. Manomin da ya ɗauro buhu biyu a kan babur ko amalanke bai san wannan ba, ga shi ya riga ya biya kuɗin dako, komawa da kayan gida wata asara ce. Shi ya sa Bahaushe yake yi mata kirari da "Kasuwa a kai miki dole". Wannan ba yana nufin dillalai da fatake ba su da amfani ba. Su ne suke ɗaukar nauyin sufuri da ajiya da haɗarin hanya. Matsalar ita ce ɓangare ɗaya na cinikin yana gani, ɗayan yana lalube.

Ma'auni ma wata kafa ce ta asara. Bisa al'ada buhu yakan ci tiya 40, amma tiya ta bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, haka ma yadda ake tozo wajen awo. A misali, idan tiya 10 ta mai saye tana cinye tiya 11 ta manomi, to buhu guda ya ci tiya 44 ke nan. A buhu 10 manomi ya yi kyautar tiya 40, wato buhu guda cur, ba tare da an rage masa ko kwabo a farashi ba.

4.0 Waiwaye a Kan Tarihi

Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa a ƙasar Hausa. A 1954 aka kafa Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa, wadda take yanke farashin gyaɗa da auduga, ta sanar da shi kafin a buɗe kasuwa, sannan wakilanta masu lasisi su saya a kan sikeli. An soki wannan tsari da cewa abin da ake biyan manomi bai kai farashin kasuwar duniya ba, kuma sukar tana da tushe. Duk da haka manomi yakan san abin da zai samu tun kafin ya ɗaure buhu. A 1977 aka sake tsarin hukumomin, aka ware wa kowane rukunin amfanin gona tasa, har da ta hatsi. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta rushe su gaba ɗaya. Manomi ya sami 'yancin sayar wa wanda ya ga dama, amma ba a maye gurbin sanarwar farashi da wani tsari da zai isa kowane ƙauye ba.

5.0 Yadda Abin da Ya Faru a Nesa Yake Taɓa Rumbu

Kasancewar Daura a bakin iyaka ya sa shawarar da aka yanke a wata fadar gwamnati takan sauya farashi a cikin mako guda. A watan Agusta 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu, ba a fara buɗe wasu ba sai Disamba 2020. An sake rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023, aka buɗe a Maris 2024. A Oktoba 2024 kuma Nijar ta hana fitar da hatsi zuwa waje, in ban da Mali da Burkina Faso. Haka nan duk lokacin da naira ta faɗi a kan sefa, hatsin Nijeriya yakan yi araha ga mai riƙe da sefa, sai masu saye su yawaita daga arewa.

Misalin wake ya fi nuna tsadar rashin sani. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda an sami maganin ƙwari da ya wuce kima a jikinsa. Mai zuba maganin a buhu yana ganin kare kayansa yake yi daga ƙwari, bai san ƙa'idar da masu saye a can suka gindaya ba. Ashe ke nan labarin kasuwa bai tsaya a kan farashi kaɗai ba, ya haɗa da sanin irin kayan da ake karɓa.

6.0 Darasi Daga Wasu Ƙasashe

A 1972 Tarayyar Sobiyet ta sayi miliyoyin tan na alkama daga Amurka a asirce, ta hannun wasu manyan kamfanoni. Manoman da suka yi girbi da wuri sun sayar da araha, labari bai fito ba sai da kaya suka bar hannunsu, farashi kuwa ya yi tashin gwauron zabo. Wannan ya sa a 1973 aka yi dokar da ta tilasta wa masu fitar da hatsi su riƙa sanar da Ma'aikatar Gona cinikin da suka ƙulla. Cinikin da ya kai tan 100,000 a rana guda ana bayyana shi washegari, sauran kuwa a rahoton mako-mako, kowa ya gani a lokaci ɗaya.

A Nijar kuma, tun 1989 aka kafa tsarin da ake kira SIMA, inda ma'aikata suke bin kasuwanni suna rubuta farashin hatsi, a kuma watsa shi ta rediyo cikin harsunan ƙasa. Wata masaniyar tattalin arziki, Jenny Aker, ta nazarci kasuwannin hatsin Nijar na tsakanin 2001 da 2006, ta gano cewa shigowar wayar salula ta rage tazarar farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100.

A Nijeriya, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da rahoton farashin abinci, amma da Ingilishi, a intanet, bisa kilo, kuma a matakin jiha, bayan watan ya wuce. Rahoton yana da amfani ga masu tsara manufofi, sai dai bai cika sharuɗɗan da manomin Sandamu ko Baure yake buƙata ba.

7.0 Labari Kaɗai Bai Wadatar Ba

Wani nazari da Aker ta sake yi tare da Marcel Fafchamps ya nuna cewa wayar ba ta ɗaga matsakaicin farashin da manoman Nijar suke samu ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san ƙauye. Da kaka ake biyan bashin taki, da kaka ake aure da sutura da gyaran ɗaki. Manomi yana sane da cewa gero yakan yi daraja idan bazara ta yi, amma buƙata ba ta jira. Sau da yawa wanda ya sayar da araha da kaka shi ne yake dawowa ya auna da tsada a tsakiyar damina. Kuma ajiyar ma ba kullum take riba ba: a 2025 farashin hatsi ya sauko ƙwarai a kasuwannin Arewa, masu ajiya da yawa suka tafka asara.

Saboda haka labari yana buƙatar abokan tafiya. Na farko shi ne ƙungiya, domin manoma 20 da suka haɗa kayansu suka cika mota suna da bakin magana da mai buhu biyu ba shi da shi. Na biyu shi ne ajiya mai ba da rance, kamar yadda ake yi a wasu ƙauyukan Nijar, inda ƙungiya take kulle hatsi a sito a matsayin jingina, ta karɓi bashi, ta sayar idan kasuwa ta gyaru. Na uku shi ne daidaitaccen ma'auni wanda sarkin kasuwa da ƙaramar hukuma za su tsaya a kai. Na huɗu shi ne sanar da farashin manyan kasuwanni duk mako da Hausa, bisa tiya da buhu, ta rediyo da saƙon waya da bakin malaman gona na hukumar KTARDA, tare da wajabta wa masu fitar da kaya waje su bayyana yawan abin da suka ƙulla.

8.0 Kammalawa

An ga cewa asarar manomin ƙasar Daura ba a gona kaɗai take aukuwa ba, wani kaso nata a bakin awo yake zubewa, saboda mai saye ya riga shi jin labari. Malamin makaranta yana da rawar takawa a nan, domin a ƙauyuka da dama shi ne ake kawo wa takarda ko saƙon waya ya karanta. Zai iya sa ɗalibai su riƙa rubuto farashin tiyar gero da wake duk ranar kasuwa, a jera shi a allo daga kaka zuwa damina. Da wannan aiki guda sun koyi lissafi da rubutu da kalmomin ciniki, sun kuma koma gida da abin da zai amfani iyayensu.

9.0 Tambayoyi

1. Kawo abubuwa huɗu da labarin kasuwa ya ƙunsa, tare da sharuɗɗan ingancinsa.
2. Bayyana ma'anar waɗannan kalmomi, ka sa kowace a cikin jimla: kwarami, la'ada, sari, tozo, jingina.
3. Me ya sa sanin farashi kaɗai ba ya hana manomi sayarwa da araha da kaka?
4. Ziyarci kasuwar da ta fi kusa da kai sau huɗu a jere, ka rubuta rahoto a kan yadda farashin gero ya sauya da dalilan da 'yan kasuwa suka bayar.