Jaka A Baya, Asusu Ɗaya: Daga Bankok Zuwa Singafo

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Ni kuwa darasin da ya fi zauna mini a rai, daga wajen abokan tafiya na samo shi.

A shekarar 2018 mu huɗu muka sauka Bankok, babban birnin Tailan, kowa da jaka ɗaya a baya. Niyyarmu mu gangara kudu ta ƙasa har Singafo cikin mako uku. Mun kama ɗaki a titin Khao San, matattarar matafiya masu ƙaramin guzuri, inda ake biyan kuɗin gado maimakon na ɗaki. Abincin halal bai yi mana wuya ba, domin akwai tsofaffin unguwannin Musulmi a birnin.

Daga nan muka kwana cikin jirgin ƙasa zuwa Padang Besar, kan iyakar Maleshiya, muka sake wani zuwa Butterworth, sannan jirgin ruwa ya tsallakar da mu tsibirin Penang. A birnin George Town, wanda UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2008 tare da Malaka, titi guda ya haɗa masallacin Kapitan Keling da wuraren ibadar 'yan Sin da na Indiyawa.

A nan ne asiri ya tonu. Ƙaraminmu kullum sai ya ce ba ya jin yunwa idan muka zauna cin rana. Mun ɗauka baƙon abinci ne bai karɓe shi ba, har ranar da jiri ya kwashe shi a bakin titi. Ashe guzurinsa ne ya yi ƙasa tun a Bankok, kunya ta hana shi faɗa. Kwana biyar yana wuni da shayi da burodi, mu muna ta ɗaukar hotuna.

Babbanmu ya dube shi ya ce, "Haba ƙanena, mu da muka baro gida tare, yunwa za ka ɓoye mana?" A daren muka zazzage aljihunanmu, muka mai da kuɗin asusu ɗaya a hannun mutum ɗaya. Abinci da makwanci da kuɗin mota duk daga ciki, ba a tambayar nawa wane ya zuba.

Tsarin ya rage mana buri. A Kwala Lamfur mun tsaya daga ƙasa muka kalli tagwayen benayen Petronas masu tsawon mita 452, ba mu sayi tikitin hawa ba. Mun huta a Masjid Jamek, da aka buɗe a 1909 a mahaɗar kogunan Klang da Gombak. A Malaka, wadda Turawan Fotugal suka ci da yaƙi a 1511, mun zaga da ƙafa. Singafo kuwa tsadarta ta sa kwana ɗaya muka yi.

Saboda haka, matasanmu masu shirin irin wannan tafiya, ku yi maganar kuɗi tun a gida, kowa ya faɗi ƙarfinsa. Iyaye kuma ku tambayi da wa ɗanku zai tafi kafin ku tambayi ina za shi. Allah ya kai kowa lafiya, ya dawo da shi lafiya.